Matar da ta koya wa na'ura amsa filashin

Kullum da safe, kafin ta kurɓi shayi, Proscovia Nansamba sai ta buɗe shafin intanet na ƙungiyar masuntan tsibirinmu ta duba sunayen jirage. Wanda ya dawo gaɓa sunansa kore ne, wanda ke cikin ruwa ja. Haka take yi shekara da shekaru har furfura ta fito mata, amma masu cin kifinmu a Kampala ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Da aka ɗauke ta aiki, shafin yana cike da bayanin iska da hadari, sai dai ba masuncin da ke leƙa shi. Wayarsa mai maɓalli ce, kati kuwa ba ya kwana a cikinta. Abin da ya ƙware a kai shi ne filashin: in ya sauka lafiya sai ya kira matarsa, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ya katse. Proscovia ba ta tsaya wa'azin a canza hali ba. Ta haɗa shafin da layin waya. Ka yi filashin kafin ka tashi, na'ura ta kira ka ta gaya maka halin da tafkinmu ke ciki da harshenmu na Luganda. Ka sake yi in ka dawo, sunanka ya koma kore. In ka wuce lokacinka, ta kira jiragen da kuka saba fita tare.

Ranar da iska ta kifar da jirgin wani masunci mai suna Ssebunya da tsakar rana, wayarsa ta nutse, shi kuwa ya rungume jarkar mai. Ba shi da hanyar kiran kowa. Da lokacin dawowarsa ya wuce sunansa yana ja, sai wayoyin maƙwabtansa suka hau ruri. Mzee Kawooya, dattijon da ya tsamo shi, ya ce ya same shi hannuwa sun sandare, yana ta ambaton sunayen 'ya'yansa.

Nnyabo Proscovia, kamar yadda muke kiran ki don girmamawa, ke ce kika gane cewa talaka bai rasa abin faɗa ba, kati ya rasa. Muna alfahari da ke, ba ma ɓoyewa, kuma mun gode. Masu tasowa a wannan sana'a, ku fara duba wayar da ke aljihun mutane kafin ku gina musu komai.

Ranar da ta ajiye aiki, an ci matoke, wato dafaffiyar ayaba, da kifi, aka ce Ssebunya ya yi jawabi. Ya miƙe ya ce shi bai iya dogon zance ba, ya zaro waya. Wayar Proscovia ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Mzee Kawooya ya bi sahu, sannan sauran masuntan ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dai ba ku da kunya," ta ce tana share ido. "Ko yau ma ba mai kirana da katinsa?"

"Ai kin san ma'anarsa, Nnyabo," in ji Ssebunya. "Mun sauka lafiya."