Almakashin Teta Zdenka

Kafin hazo ya tashi daga kan kogi, Zdenka Lapajne ta riga ta zauna bakin taga, gahawarta na huci, 'yan sandunan saƙa na kaɗa juna a kan matashi. Leshi ne sana'arta, mai laushin nan na amare. Amma da ganye ya fara zuba, sai ta ture siririn zare gefe, ta ɗauko farar igiya, ta hau ƙulla ragar kwandunan zauren wasan makarantarmu.

Ƙungiyar ƙauyenmu a rukuni na uku take buga ƙwallon kwando, ta daɗe a can har ta yi saiwa. 'Yan wasan su ne mai kai wasiƙu, da mai gyaran famfo, da malami mai ciwon gwiwa. Duk Asabar Teta Zdenka, goggon kowa, tana kujerar ƙarshe da jaka a cinya. Ba ruwanta da allon maki. Ido take lumshewa ta kasa kunne. A cewarta ragar kanti bebiya ce, tata kuwa idan ƙwallo ya ratsa ta, ajiyar zuciya take yi irin ta mai barci.

Koci Drago bai manta ranar da raga ta tsinke ana tsakiyar wasa ba. Kafin alƙalin wasa ya gama muzurai, ta hau tsani da siket ɗinta na coci, ta ɗaure.

Al'ada ce idan ƙungiya ta haye rukuni na gaba, 'yan wasa su yanke raga, kowa ya tafi da guntu. Tata ba a taɓa yankewa ba. Ƙarshen kowace kakar wasa a kwance mata ita lafiya lau, ta ninke ta sa a akwati. Ta taɓa gaya min tana mafarkin guntayen igiya na saukowa a hankali kamar dusar ƙanƙara, ta farka ta tarar da akwatinta cike. Abin yana cin ranta.

Bara idonta ya fara dushewa. Ragar bana da lalube ta ƙulla, ta ce daga ita ta gama.

Sai ga shi yaran nan, ban san me ya shige su ba, sun yi ta ci har wasan ƙarshe, shi ma suka cinye, suka haye rukuni na biyu. Ana tsalle ana kuka, kyaftin Ožbej, mai kai wasiƙu, ya tsaya ƙarƙashin kwando ya buɗe hannu.

"Kada wanda ya taɓa ragar nan! Ta ƙarshe ce, a gilashi za mu sa ta."

Teta ta sauko tana dafa bango. "Ožbej, kai da kullum kake kai wasiƙata gidan maƙwabta, yau kai ne mai hankali?"

"Haba Teta, nauyi muke ji. Aikin hannunki ne fa."

"Nauyin me? Ni na ce muku gidan tarihi zan buɗe?"

Ta zuge jakar nan da muka sha yi wa tsegumi. Almakashi ne a ciki. Ashe duk wasan ƙarshe da shi take zuwa, ta koma da shi.

"Ku ɗaga ni, 'yan nema."

Suka ɗaga ta. Ta lalubo ƙullin farko, ta shafa shi, ta datse.

Ke ce, Teta, mai saƙa don a yanke. Ke ce kika ba mu aikin gasar manya muna can ƙasa, ba wanda ya roƙe ki. Mun gode. Wanda duk yake da sana'a a hannu, ya leƙa ƙaramin zauren garinsu, akwai abin da ke jiransa.

Har yanzu tana zama bakin taga da safe. Akwatin yana nan cike, amma bana ba ta sami abin ninkewa ba. Guntun da ya zama rabonta yana rataye a jikin taga, iska na kaɗa shi.