Fulogi Biyu na Can Ƙurya

Surukina yana yaro ya baro ƙasar Sakkwato a ƙasa, riƙe da bakin rigar mahaifinsa, sun nufi Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira ta ƙasar Sudan, suka tsaya tsinkar auduga wai su ɗan farfaɗo. A nan mahaifin ya rasu. Shi kuma ya yi aure, ya haifi mijina, gemu ya yi fari fat, amma in ka tambaye shi ina gida sai ya ce shi matafiyi ne, hutawa yake yi. Haka yawancin tsofaffin ƙauyenmu suke.

'Yan shekaru bayan tafiyar Turawa Allah ya nufa aka shirya masa tafiyar, shi da amininsa wanda suka taho cikin ayari ɗaya tun suna yara. Lori za ta kwashi maniyyata zuwa Sinnar, daga nan su hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, su shiga na ruwa. Jirgin ƙasan ba kullum yake tashi ba. Wanda ya rasa shi ya rasa na ruwa, sai kuma baɗi, ga shi ba a yi wa tsoho alkawarin baɗi.

Ranar da lori ta zo, da sassafe aminin nan ya cika, kayansa a ɗaure a gefen tabarma. Surukina ya sauke nasa ƙunshin daga lori, ya ce ba zai tafi ya bar mutumin nan a hannun yara ba. Aka yi lallashi har aka gaji, lori ta tafi. Shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari. Washegari da la'asar jirgi zai tashi.

Mijina ya hau jaki tun da duku-duku ya nufi garin Wad Haddad neman mota. Lokacin ƙarshen auduga ne, kowace lori tana da aikinta. Da hantsi sai ga shi ya dawo a cikin wata aba ja wadda ba mu taɓa ganin irinta ba: ba rufi, kujera biyu tak, dogon hanci, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wani Bature mai duba gonakin auduga ne ya sayar da ita da zai tafi. Mai ita yanzu ɗan wani Balarabe ne mai sayar da yadi, saurayi kakkaura, mai fara'a. Da mijina ya gaya masa abin da ake ciki bai tsaya dogon zance ba, ya rufe shago ya ce a hau. Har gobe in na tuna yaron nan sai na sa masa albarka.

To amma tun daga gadar tur'a, wato babbar magudanar ban-ruwa, muke jin motar tana tari. Tana isowa ƙofar gida ta yi atishawa ta mutu. Saurayin ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, samari suka tura ta har gindin rumbu suka dawo da ita, shiru. Ya ɗaga murfin gaba ya ce fulogi ne, baƙin mai ya toshe su, amma ba komai, yana da sababbi guda huɗu a aljihun ƙofa.

Na gaba biyu bai sha wahalarsu ba. Na baya biyun ne suka zame mana ƙaya. Wanda ya ƙera motar nan, Allah ya yafe masa, ya cusa inji a wurin da bai isa ba, ya bi da bututu da ƙarafa ya toshe ko'ina. Fulogin suna can ƙurya, ido ba ya ganinsu, sai dai a zura hannu ta wani ɗan tsukin wuri a laluba. Hannun saurayin ya tsaya a wuyan hannu. Na mijina, hannun mai fartanya, ko nan bai kai ba. Aka gwada wani siririn ɗan maƙwabta, yana taɓa ƙarfen ya yi ihu ya fizge, don injin ya sha tafiya cikin rana, tofa masa yawu za ka yi ya ce cuu. Saurayin ya ce a birnin Madani ma bakanike sai ya kwance rabin kayan nan kafin ya kai gare su, aikin yini guda. Jira injin ya huce kuwa, rana ba za ta jira mu ba.

Surukina yana zaune a kan buzu, ƙunshinsa a cinya. Carbinsa kawai yake ja.

Ni duk wannan daga bayan danga nake kallo, don a can matsayina yake. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa bi ta gabansa da takalmi ba, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa. Shi ma in yana son ruwa ba ya ce mini, sai ya gaya wa iska, "Da za a samu ruwa." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ina ganin darajarta har yau. Amma ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya san wannan. Ina kallon maza sun kewaye mota suna ta "da an yi kaza, da an yi kaza," raina ya soma tafasa. Na dubi hannuna. Siriri ne, kuma kullum safiya da shi nake ɗaye kisra, siririyar wainar dawa, daga kan doka, farantin ƙarfen da ake toya ta a kai, yana ja da wuta. Fatar yatsuna ta daɗe da daina jin zafi.

Na yafito mijina. Na ce, "Hannuna shina shiga."

Ya zaro ido. "Ke, mi kike hwaɗi? Gaban Baba?"

"To ka zaɓa. Ko in shiga, ko ka zauna ka yi mai bayani baɗi."

Ya tafi yana jan ƙafa, ya durƙusa ya yi wa tsohon raɗa. Kowa ya san abin da ake nufi: sai na tuɓe mayafi, na naɗe hannun riga har kafaɗa, na kifa a kan mota a tsakiyar maza. Surukina ya dafa sanda ya miƙe. Ya juya buzunsa, ya zauna ya ba motar baya. Liman ya gani ya juya. Ɗaya bayan ɗaya duk mazan da suka zo rakiya suka juya, har saurayin mai mota, wanda ya tsaya da sifana a hannu yana miƙo ta ta baya. Mata suka fito suka ware mayafansu suka yi mini katanga. Na cire awarwaro na ba maƙwabciyata, na yi bismilla.

Da Larabci saurayin yake ba ni umarni, fuskarsa na kallon gonar dawa. In laluba in ji waya mai kauri, in fizge ta. In zura bututun sifana har ya zauna a kan fulogin, in sa ɗan guntun ƙarfe a ramin, in murɗa hagu. Hannu ya shiga, amma da kuɗinsa, don wani ƙarfe ya kwashe mini fata a gwiwar hannu, kuncina kuma yana dab da injin, warin mai yana hawa kaina. Na murɗa, ya ƙi. Na zage shi da Hausa, zagin da ban san na iya ba, na ji kafaɗun liman suna girgiza. Na sake murɗawa da dukan ƙarfina, sai na ji ya saki. Sauran da yatsu na warware shi. Ya fito baƙi ƙirin, yana naso.

Sa sabon ya fi ban tsoro. Saurayin ya yi ta nanatawa: da yatsu kawai, a hankali, in na ji ya cije tun farko in koma baya, don in ya hau a karkace motar ta gama yawo. Kuma kada in bari ya suɓuce, farin jikinsa kamar tangaran yake, ga shi ba wani. Na rufe ido, tunda ba amfanin da yake yi mini, na bi ramin da ɗan yatsa. Na farkon ya zauna lafiya. Na ƙarshen, wanda ya fi nisa, gumi ya sa ya zame daga yatsuna. Allah ya sa ya maƙale tsakanin tafin hannuna da ƙarfe mai zafi, na danne shi a nan ina jin fata tana ƙuna, har na samu na juyo shi da yatsu biyu. Ban yi ƙara ba, amma maƙwabciyata ta ga fuskata ta ce, "Sannu!"

Sai na ji muryar tsohon, bai juyo ba. "Ɗiyata, in da cuta ki bari. Allah ya ga niyya."

Ni yake yi wa magana, kai tsaye. Na ce, "Saura kaɗan, Baba." Hawaye suka gauraya da gumi, na ci gaba da murɗawa har ya tsaya, na ɗaure da sifana, na mayar da wayoyin.

Na yafa mayafina, na koma bayan danga. Saurayin ya murɗa makulli. Ta yi tari ɗaya, sannan ta ɗauka da wani ruri da ya watsa kajin unguwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka naɗe tsohon aka cusa a kujerar nan ta ƙasa, gwiwoyinsa har haɓa, ƙunshi a ƙirji, hannu ɗaya dafe da rawani. Ba wurin mijina, ya bi su da gudu har tur'a ya dawo.

Dab da magariba muka ji oda daga nesa. Saurayin ya iso fari fat da ƙura yana dariya. Ya ce sun tarar ana rufe ƙofofin jirgi, mutanenmu suka hango rawanin, suka jawo shi ciki. Na dafa masa shayi da hannu a naɗe da tsumma, na yanka masa zakaran da nake ji da shi, ko kaɗan ban ji ciwonsa ba.

Da alhazai suka dawo ba ya cikinsu. Zazzaɓi ya kama shi a Madina bayan an gama komai, a can aka binne shi. Mutane suka cika gida, wani ya yi ta'aziyya, wani ya rasa abin faɗi ya ce barka. Mijina ya kasa tambayar komai, sai ni na leƙo ta danga na tambayi shugaban tafiyar ko ya samu ya yi ɗawafi. Ya ce ya yi, da ƙafarsa, an kawo masu ɗauka ya kore su. Na koma madafa na zauna a gaban doka, na yi kuka mai isata, ina kukan ina alhamdu lillahi.