Kawu Mai Jinyar Albasa

Tun kafin Nasara su shigo ƙasar Haɗeja, an yi wani mutum a gefen Auyo ana ce masa Kawu Fannami. Ba shi da sarauta, ba shi da garke, sai ɗan lambu a bayan gida inda fadama ta fara, da jigon ban ruwa, da ciwon baya. Abin da ya mallaka na tutiya shi ne irin albasa, wata ja mai yajin tsiya, wadda kakarsa ta taho da ita daga Barno. Ba a samunta a kasuwa. In ta ƙare a hannunsa, to ta ƙare ke nan.

Kowace shekara in ruwa ya janye, sai ya ja komaye, wato ƙananan filayen shuka na ban ruwa, ya dasa, daga nan kuma barci ya ƙare. Tsutsa ta ci ta ƙasa, ya bi ta da yatsa. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotse lawashi su sauka, ya barbaɗa toka. Su dawo, ya jiƙa taba ya yayyafa. Su sake dawowa. Haka ya tsufa, yana kora suna komowa, har ya daina zaginsu don bakin ma ya gaji.

Amma Kawu yana da wani hali, ni dai ban san ko tausayi ba ne ko tsabar rowa. Ba ya iya yar da shuka. In ya ga wata ta yi laushi, ganye ya koma ruwan ɗorawa, sai ya tuge ta a hankali ya kai ta gindin jigo, inda guga ke juye ruwa, ya sake dasawa. Wai a can ta fi samun sanyi, ko Allah zai sa ta farfaɗo. Maƙwabta har suna tsokanarsa ko ya dama wa majinyata kunu.

Shekarar da ruɓa ta shigo, majinyatan suka yi yawa. Komi ya kwanta, na kusa da shi ya bi. Kawu ya ɗauka ƙishi ne, sai ya ƙara ban ruwa. Tun asuba yana jan jigo har rana ta take, tafin hannu duk ya fashe, albasa kuwa sai ƙara narkewa take yi, wari ya hana zama.

Matarsa Mairam ce ta kawo masa fura wata rana, ta tsaya tana kallon ruwan. Ta ce, “Malam, ruwan nan ta kan marasa lafiyarka yake bi kafin ya je wa masu lafiya. Ai kai ne kake raba musu cutar.”

Kawu ya bi hanyar ruwan da ido, daga gindin jigo zuwa komin da ya fara mutuwa, zuwa na biye. Sai ya zauna a ƙasa. Abin da ya fi ci masa rai ba asarar ba ce. Da ma rago ne shi, da rabin lambun ya tsira.

Komi ɗaya ya rage, can ƙarshe inda ruwa ke isa da ƙyar. Ya toshe hanyar ruwan. Ya tuge majinyatan duka ya tara a kan karmami ya sa wuta, yana juya baya. Daga ranar nan, da tulu yake ɗebo ruwa daga kogi, tsoho da shi, yana tafe yana hutawa. Kullum ya tsuguna ya shinshina gindin kowace. Wadda ya ji tsami, ya tuge ta da maƙwabciyarta, bai ƙara yi wa ko ɗaya jinya ba.

Waɗanda suka kai labari ba su cika ƙwarya ba. Mairam ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙarama, don rabon tukunyarta da albasa an daɗe.

Ya riƙe bakin ƙwaryar ya ce, “Yi haƙuri, Mairam. Duk na iri ne.”

Ta janye hannu, ta koma ta kaɗa kuka. Shekarar nan kaf, mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan albasa lami ya sha miyarsa.