Ƙofar da Mama Rifkatu Ta Toshe

Cikin duk gidajen da na duba a aikina na duba-gari a Jalingo, na Mama Rifkatu ne bai fita raina ba. Lokacin shekara guda ke nan da ƙirƙiro Jihar Taraba, gari ya cika, masauki ya yi wuya. Duk mai ɗakin banza sai ya sa katifa ya riƙa saukar da baƙi na kwana uku ko mako, musamman masu zuwa hutun Kirsimeti. Ƙaramar hukuma ta ce babu mai yin haka sai da lasisi, lasisi kuma sai mun sa hannu. Muna duba rijiya, bayan gida, wayar lantarki, sannan dole gida ya samu mafita biyu saboda gobara.

Mama Rifkatu gwauruwa ce a Mayo Gwoi, ɗakuna huɗu ne abincinta. Gidan tsaf, har kunya rijiyarta ta ba ni don ta fi tawa tsabta. Amma zaure ɗaya ne shiga da fita, tagogi duk ƙarfe, ƙofar baya kuwa an toshe ta da bulo.

Sau biyu ina cewa ta fasa bulon, tana cewa to, amma ba ta fasa ba. Ni kuwa lokacin ina da zafin kai, na rubuta a rahoto cewa taurin kai ne da ita. Shugaban sashenmu ya karanta ya ce, "Ka tambaye ta dalili?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce, "To rahotonka bai cika ba. Koma."

Na koma ina ƙunƙuni. Da na tambayi Mama Rifkatu dalili, sai ta zagaya da ni ta bayan katanga. Dab da toshasshiyar ƙofar akwai kabari da siminti, an share shi fes.

"Ɗana, maigidana ne yana kwance nan," in ji ta. "Idan ƙofa ya buɗe, baƙo ba ya sani, zai taka shi, zai zuba ruwan wanki."

Kunya ta kama ni, na cire hula. Amma na faɗa mata gaskiya: in wuta ta tashi a zaure, mutum takwas da ɗakunanta ke ɗauka ba su da wajen fita, kuma ba zan sa hannu ba. Ta ce in dawo Litinin.

Da na dawo, na tarar ta sa magini ya fasa bangon ɗakinta ita kanta, wanda ke kallon lungu. Ɗakin ya zama hanya. Gadonta yana ɗakin ajiya, tsakanin buhunan masara. Na gwada faɗin sabuwar ƙofar, ya yi, na sa hannu.

Tun ranar ban sake rubuta taurin kai a kan kowa ba sai na ji dalilinsa. Doka ba ta ragu ko kaɗan ba, amma ni tawada kawai na kashe, ita kuwa ɗakin da ta shekara talatin tana kwana a ciki ta bayar.