Kurɓar da Baffa ya ƙi yi

Salamu alaikum. Masu turo mini saƙo suna cewa, "Lawal, ka yar da mu ne?", ku yi haƙuri. Kwance nake, kuma da ƙyar na sha. Na daɗe ina juya maganar nan a raina don ta shafi gidanmu, amma yau zan faɗa.

Da gwiwa abin ya fara. Ni mahauci ne a kasuwar Batsari, wuni nake a tsaye. Gwiwoyina suka riƙa kumbura, har ruku'u ya zama aiki.

Ban yi tunanin asibiti ba, don mu gidan magani ne. A ƙauyenmu Zakka an san gidanmu da sassaƙen hano tun kakan kakanmu, tun Katsina na kai gaisuwa Sakkwato, Turawa ba su zo ba. A sassaƙo ɓawon itacen, a shanya a inuwa, a jiƙa. Mutum ɗaya ake ba sirrin haɗin, kuma ba a tambayarsa me ya zuba. Shi kuma ba ya miƙa wa mara lafiya ludayi sai ya fara kurɓa a gabansa. Da idona na ga kakana yana yi.

Yanzu gadon yana hannun Baffa Ilu, ƙanen mahaifina. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya karɓar mini aure.

Da na kai masa kukana, ya miƙo mini jiƙon a gorar roba, ya ce, "Sha safe da yamma, ɗana. Na ƙara masa ƙarfi."

Bai kurɓa ba. Na gani, amma wa zai tsaya yi wa Baffa bin diddigi?

Cikin 'yan kwanaki ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Ga cin abinci, ga fuska ta cika, wuya ya yi kauri. Abokan sana'a suna tsokanata, wai naman sayarwa nake cinyewa. Duk wanda ya je Zakka, da ni Baffa ke ba shi misali.

Matata Hajara ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigida, wannan ba ƙiba ba ce. Ciki ya fito, ƙafafu sun rame."

Sai ƙishirwa, sai yawan fitsari, sai bayan gida baƙi ƙirin. Ran kasuwa, da wuƙa a hannuna, na yi aman jini na faɗi.

Daga asibitin garinmu aka wuce da ni Katsina. Ƙarin jini, ƙarin ruwa, awon suga kafin kowane abinci. Aka ce gyambon ciki ne ya fashe, suga ya hau, ƙoda ta taɓu. Da na ji ana zancen wankin ƙoda, na juya fuska bango na yi kuka. Babur ɗina ya tafi a kuɗin magani, tumakin Hajara suka bi shi.

Likita ya tambaye ni, "Wace ƙwaya kake sha?"

Na ce, "Ni ba na shan ƙwaya, likita. Itace nake sha."

Hajara ta fito da gorar daga jaka, aka kai ta ɗakin gwaji.

Wata mai ilimin haɗa magunguna ce ta zo da sakamakon. Ta ce hano ba ƙarya ba ne, akwai sinadarai a ɓawonsa masu rage kumburi, amma a hankali suke aiki. "Abin da ya tashe ka cikin kwanaki ba shi ba ne. An daka ƙwayoyin kemis iri biyu an zuba. Ƙwayar kashe ciwo ita ta ci maka ciki da ƙoda. Ta rage kumburi ita ta cika maka fuska, ta tayar da suga."

Wallahi na fi jin zafin wannan maganar a kan allurai.

Abin haushi, ba a ma yarda na bar ta biyun nan take ba. Wai jiki ya saba, ya daina yin nasa sinadarin, in aka yanke lokaci guda sai mutum ya sheƙa lahira. Haka aka riƙa rage mini ita kaɗan-kaɗan tsawon watanni.

Alhamdu lillahi, ƙoda ta farfaɗo ba a kai ga wanki ba. Fuskata ta dawo tawa.

Da na iya shiga mota, na tafi Zakka da ragowar gorar. Na durƙusa, muka gaisa, ya yi mini ya jiki. Mutane suna zaune a zaure suna jiran nasu. Na zuba a ludayi na miƙa masa.

Na ce, "Baffa, a ɗan kurɓa mana, kamar yadda Kaka ke yi."

Ya dubi ludayin. Ya ce, "Mutanen yanzu ba su da haƙuri, Lawal. In bai yi aiki yau ba, gobe sun tafi wurin wani."

Na ce, "Na ji. A kurɓa."

Ya kau da kai, ya ce, "Ka san ina da hawan jini."

Ashe ya sani. Ya san abin da ke ciki, ya tsare jikinsa, ya miƙa wa ɗan riƙonsa. Masu jira suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da mahautan Batsari da suka ba da jininsu. Hajara, Allah ya saka miki da Aljanna.

Jama'a, ban ce itace ba ya magani ba. Amma in jiƙo ya ɗauke ciwo nan da nan, fuska ta soma cika, ku ɗauki gorar ku tafi asibiti da ita. Kada ku ɓoye wa likita, kada kuma ku yanke sha da kanku. In kun ga baƙin bayan gida, kada ku kwana.

Dangi suna ta cewa na tona asirin gida, in je in ba Baffa haƙuri. Na ce zan je, da ludayina.