Kakana da Ya Mutu da Sunan Wani

Mun tashi daga Salaga ana idar da sallar asuba, mu uku: ƙanina a kan sitiyari, ni a gefensa, sai mahaifiyarmu a kujerar baya da matasan kai biyu da ƙunshin goronta. Mma muke kiran ta. Ta haura shekara tamanin, kuma rabonta da doguwar tafiya tun kafin gwiwoyinta su fara yi mata gardama. Na yi iya ƙoƙarina in hana ta, na ce ni zan je in kawo mata labari. Ta ce labarin da aka kawo wa uwarta ne ya kashe ta tun tana da rai, don haka ita da ƙafarta za ta je.

Mahaifin Mma, Sule, bafatake ne. A zamanin yaƙin duniya na biyu, wanda muke kira yaƙin Bama, ya bi ayarin goro zuwa Bawku, ya bar matarsa da jaririya a goye, bai dawo ba. Abokan tafiyarsa suka komo Salaga suka ce ya sayar da kayansa ya bi wata mace. Da wannan tambarin Mma ta tashi, 'yar wanda ya gudu. Kakata ba ta yi takaba ba tunda ba a ce mata ya mutu ba, ta kuma rasu tana jin haushinsa, ba ta yarda a ambace shi a gabanta. Ni kaina sunansa ya kamata in ci, ta hana.

To, watan jiya wani mai albasa daga Bawku da ke sayen doya a hannuna yana ba ni labarin ƙauyensu, ya ce sun gina bango sun rubuta sunayen sojojinsu da suka mutu a wancan yaƙin, za a yi taron buɗewa. Yana dariya ya ƙara da cewa ɗaya daga cikin sunayen ma mai shi a kan tabarmarsa ya mutu da tsufa, wani Bahaushen Salaga aka tura a madadinsa. Na kai wa Mma maganar a matsayin hira. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, a na uku ta ce a zuba wa mota mai.

Hanyar Bimbilla ba ta san girman tsoho ba. Inda aka gyara sai mota ta yi ta gudu har ka manta da kanka, can sai rami ya tuna maka. Damina ta ɗauke ke nan, gonaki sun yi kore shar, ko'ina motokin ne, wato babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, maƙare da sabuwar doya, mata zaune a saman kaya suna riƙe da ɗankwali. Hali ba ya barin mai shi, na sa aka tsaya na tambayi kuɗin ƙwarya, wato doya ɗari. Da na ji abin da suke sayarwa a bakin gona sai na gane dillalan da ke kawo mini kaya Salaga sun daɗe suna yi mini aski ba ruwa. Muka karya da koko da ƙosai na sidi ashirin, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har kana iya jefa uku a baki lokaci guda. Mma ba ta taɓa nata ba.

Mun shiga Yendi kafin azahar, muka nufi zango, unguwar Hausawa. Mma ta san da wani tsohon tela a can, ɗan madugun ayarin da kakana ya bi. Idonsa ya mutu, amma kunnensa garau. Bayan gaisuwa da ruwa Mma ta faɗi ko ita 'yar wace ce. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryarta.

"Hajiya, na san za a zo wata rana," in ji shi. "Na so a ce bayan raina ne."

Abin da ubansa ya gaya masa yana kan gadon mutuwa shi ne wannan. Turawa sun sa wa kowane ƙauye adadin samarin da zai bayar. A ƙauyen da ayarin ya sauka, ƙuri'a ta faɗa kan ɗan mai gari. Mai gari shi ne mai masaukinsu, a gidansa suka ajiye kaya, tuwonsa suka ci. Da safe masu ɗaukar soja suka zo, aka nuna musu Sule, aka ce ga ɗan nan. Ba ya jin yaren garin, ba ya jin Turanci, kafin ya gane abin da ake ciki an sa shi a layi. 'Yan ayari suna tsaye suna kallo. Suka raba goronsa da jakunansa biyu a tsakaninsu, suka ƙulla maganar mace a hanya don kada a tambaye su kayan.

Raina ya ɓaci har na kasa zama. Mutumin nan ya fi shekara arba'in da sanin gaskiya, yana zuwa Salaga biki da ta'aziyya, yana cin tuwo a unguwarmu, bai taɓa buɗe baki ba. Na fara faɗa masa haka, Mma ta ce, "Kai, a gidan mutane kake." Ta yi masa godiya. Ni ban yi ba, kuma har yanzu ban ga abin godiya a ciki ba.

A Yendi muka kwana. Washegari muka bi ta Gushegu muka hau tudun Nakpanduri, inda hanya ke lanƙwasa a gefen dutse, ƙasa ta buɗe a gabanka har iya ganinka. Ƙanina ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya daina surutu, abin da ban taɓa gani ba tun haihuwarsa. Daga Garu zuwa gaba shingayen jami'an tsaro suka yawaita, saboda zaman Bawku ba lafiya ba ne a 'yan shekarun nan, ga dokar hana fita da ke sa kowa sauri da yamma. A wani shinge wani soja ya leƙo, ya ga tsohuwa, ya gaishe ta da Hausarsa ta bariki. Yaro ne ƙarami, gemu bai gama fito masa ba. Muna wucewa Mma ta juya tana kallonsa ta gilashin baya har ya ɓace.

Bawku gari ne na albasa da zabbi, ƙamshin ɗaya da kukan ɗaya ba sa barin ka. Kasuwa na ci, amma kowa na ciniki da ido ɗaya a kan hanya. Muka ci tuwon zafi da miyar kuka da naman zabo mai tauri kamar an yi masa horon soja, muka kwana a gidan mai albasan nan, da safe ya raka mu ƙauyensu.

Bangon yana bakin makarantar firamare, an shafe shi da farin fenti, an lulluɓe da ƙyalle. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, 'yan makaranta na gwajin maci. Tun da sauran lokaci, aka kai mu gidan wanda muka zo nema. Ɗan mai garin nan da aka ɓoye, Awuni sunansa, ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne yanzu babban gidan, tsoho sa'ar Mma. Gida ne cike da jama'a, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, na ƙirga ɗakuna har na gaji. Duk zuriyar mutumin da takarda ta ce ya mutu a Bama ce.

Tsohon bai musa komai ba. Ya shiga ɗaki ya fito da lambar yabo a cikin tsumma, ya ce tare da takardar mutuwa aka aiko ta. Ya ce da takardar ta iso, kakansa ya ji tsoron kada asiri ya tonu, sai ya sa aka yi wa Awuni makoki cikakke, da kiɗa da yanka da kukan mata, alhali Awuni na zaune a gidan kawunsa a wani ƙauye yana cin tuwo. Sai bayan Turawa sun manta ya dawo. Wato an yi wa mai rai zaman makoki, shi kuwa wanda ya mutu ko Fatiha ba wanda ya karanta masa.

Mma ta riƙe lambar tana juya ta. Sannan ta tambaye shi ko ya san sunan mutumin.

Ya sunkuyar da kai. "Mama, mu dai baƙo muke kiran shi. Baƙon Salaga. Babana kullum yana faɗi baƙo ya cece shi."

"Sunansa Sule," in ji Mma. "Ba na neman a fasa bango. In an zo kiran sunaye, ka tashi ka faɗe shi sau ɗaya a gaban jama'a. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Ya dafa ƙirji ya ce zai yi. Na je na sami malamin makarantar da ya haɗa taron, saurayi mai ladabi da fayil a hammata. Ya saurare ni da kyau, ya ce shi ma ya taɓa jin labarin, amma sunayen daga takardun soja aka kwafo su, ba zai iya sa abin da babu a rubuce ba. Na ce masa ai rubutun ne ƙaryar. Ya ce ya gane, ya duba agogonsa.

Aka fara taro bayan manyan baƙi sun sa mu jira awa biyu a rana. Aka yi jawabai, kowa na cewa jarumai, kowa na cewa ba za a manta da su ba. Aka yaye ƙyalle. Malamin ya shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka kira sai danginsa su fito su ajiye fure. Ban raina waɗannan ba, na ga tsofaffin mata suna hawaye na gaske a kan mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma na tabbata yawancinsu ba da son ransu suka tafi ba. Aka zo kan Awuni. Wani jikansa mai babbar riga ya fito da fure mafi girma a wurin, aka yi tafi, masu ɗaukar hoto suka matso. Na kafa wa tsohon ido. Ya dafa sandarsa, ya ɗan ɗaga daga kujera, ya kalli rumfar manya, ya kalli jikokinsa, ya koma ya zauna. Aka kira suna na gaba.

Na miƙe zan yi magana, kuma wallahi da na fara da sai an fitar da ni. Mma ta kama gefen rigata ta ja ni ƙasa da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ɗaga hannuwa ta yi wa ubanta addu'a a hankali, da sunansa, ni da ƙanina muka shafa. Mu uku ke nan a cikin taron ɗaruruwan mutane. Da aka watse tsohon ya aiko mana da zabbi biyu da lambar yabon. Mma ta ce a mayar masa duka, sunan ubansa ne a jikin lambar.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, ba wanda ya kunna rediyo. Abin da na koyo ba mai daɗi ba ne. Na ga cewa ana iya gina bango don tunawa, a kuma binne mutum a ƙarƙashinsa karo na biyu. Na ga waɗanda suka san gaskiya ba mugaye ba ne, mutane ne masu fara'a da ba baƙo ruwa, kunya ce kawai ta fi musu nauyi a kan haƙƙin wani. Ban yafe musu ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba.

Mun iso Salaga da la'asar. Na buɗe wa Mma ƙofar mota, ta ƙi saukowa. Ta ce gobe a gaya wa liman a yi wa Sule addu'a a masallacin unguwa, a faɗi yadda ya mutu kowa ya ji. "Amma yanzu, kafin ka shiga gida, ka je maƙabarta ka gaya wa uwata bai gudu ba."

Na tafi. Shekarun sun yi yawa, ruwa ya baje kaburburan wancan gefen, ciyawa ta rufe su, na yi ta zagaye ban gane nata ba. Sai na tsaya a tsakiya na yi sallama, na ɗaga murya na faɗa wa dukansu.