Makarantar da Babana Ya Buɗe a Falo

Ranar Litinin ɗin farko ta Janairu, ina shekara tara, na tsaya a barandar gidanmu na hawa huɗu a Sentul ina kallon motar makaranta mai ruwan ɗorawa tana kwashe 'ya'yan maƙwabta. Ni ma fa sanye nake da farar riga da gajeren wando shuɗi irin nasu. Babana ne ya saya. Da motar ta tashi sai ya ce in shigo, an buga ƙararrawa. Ƙararrawar nan cokali ne da kofin shayi, ajin kuma teburin cin abinci.

Karatun dakta ya kawo shi Malesiya, saboda haka yake ganin koyar da yaro ɗaya ba aiki ba ne. Sai ya buɗe mini littafi, ya ce in haddace shafi biyu, ya ɗauki jakarsa ya tafi jami'a. Kafin hantsi Inna ta ƙwace ɗalibin. In yanka albasa, in shanya wanki, in sauka kedai, wato kanti, in sayo garin shinkafa na tuwon da take yi wa gwagwaren ɗalibai. Da la'asar in yaran sun dawo muna buga ƙwallon kaba a gefen layin dogo, su yi ta hirar malamansu.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da muke kira Makcik, wato Gwaggo, ta taɓa tare Babana a matakala. Ta ce ya je ma'aikatar ilimi ya tambaya, ƙasa tana da ƙa'idarta, kuma yaron da gwamnati ba ta san da karatunsa ba, ba shi da mai shaidarsa. Abin da ya ce da ya shigo har yau yana kunnena: "Dokarsu ta 'ya'yansu ce, mu baƙi ne." Tambayar ma bai je ya yi ba!

Ina shekara goma sha huɗu muka koma Kano, shi da digirinsa. Hedimasta ya tambaye ni aji nawa na gama, ga shi ba ni da takardar shaida ko ɗaya. Aka ajiye ni aji uku na firamare cikin yara masu majina, suna kirana Baban Aji. Zango ɗaya na yi na gudu.

Yanzu na dawo Malesiya, ɗaurin kaya nake yi wa 'yan kasuwa a unguwar Masjid India. Sai in ji ɗaliban zamani suna cewa a gida suke koya wa 'ya'yansu, ta intanet. In na ce, "Malam, ka je ka tambayi abin da doka ta ce?" sai su yi murmushi, wai ɗan dako zai yi musu lacca. Ba na jin haushinsu sosai. Yaransu nake kallo, masu wayo, kamar yadda nake a da. Girman kan uba, ɗa ne yake ɗaukarsa a ka har ya tsufa.